Jan Layi a Kwamfutar Injiniya

Litinin, 2 ga Yuni

Kwamfutar ta ƙi adana mini aiki yau. Tun safe nake buga jarabawar kimiyya ta 'yan aji uku, da zanen huhu da na zuciya da duk abin da malamin ya lafto, ina danna adanawa sai ta ce wai babu wuri. Ni kaɗai nake yawo a ɗaki biyu da falo, amma ita ce mai kukan rashin wuri.

Na leƙa inda ake ganin cikar ma'ajiyarta, layin ya yi ja har ƙarshe. Rabon da a leƙa wajen nan tun kafin rasuwar Injiniya bara. Haka muka raba aiki da shi tun da na bar ofis na dawo buga takardu a gida, bugu nawa, gyara nasa. Mijin nawa bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, mai kula da sito ne har ya yi ritaya. Tun ranar da ya kwance rediyonmu muna amare, ya mayar, aka ga ragowar sukurori a hannunsa, sunan ya bi shi.

Shugabar makaranta na son takardun duka ranar 16 ga wata. Makarantar nan ita kaɗai ta rage mini a masu kawo aiki.

Talata, 3 ga Yuni

Na yini ina gogewa. Tsofaffin takardun neman aiki na mutanen da ƙila har sun yi ritaya, katin taron iyayen yara, wasiƙun koke. Na zubar da kwandon shararta ma. Layin ko gezau.

Na kira 'yata Auta. Tana bakin aiki a asibiti, ina jin ƙarar gadon da ake turawa a bayanta. Ta ce za ta kira ni in ta tashi. Ban ga laifinta ba. Na dai ajiye wayar kusa da farantin abinci, a banza.

Alhamis, 5 ga Yuni

Auta ta kira da rana, ta yi ta ba ni haƙuri. 'Yar nan ita ce ta fari ita ce auta, kuma ga ta can wata duniya, sai murya. Ta bi da ni ta waya, danna nan, buɗe can, har muka fito da wata folda da ban taɓa gani ba duk shekarun da na yi a gaban na'urar nan. Launinta a dushe, kamar an wanke ta da yawa. A cikinta wasu fayiloli ne jibga-jibga, su suka cinye wurin kusan duka. Ba su da suna irin na mutane, sai lambobi da haruffa a cakuɗe, dogaye, ko karantawa ba sa yi.

Na danna ɗaya. Kwamfutar ta ce ba ni da izini.

Na sake dannawa, ta maimaita. Na gwada gogewa don in ga iyakarta, ta ce sai na nemi izini daga mai iko da fayil ɗin. Na ce wa Auta to wa zan tambaya, mai ikon yana kwance a inda ba a amsa waya. Na ji kunyar bakina. Daga baya ta ce ƙila cutar kwamfuta ce, kada in taɓa sai an duba.

Ba cuta ba ce. Ni na san hannun Injiniya.

Asabar, 7 ga Yuni

Abin da na sani a sana'ata shi ne takarda ba ta da nauyi. Ka buga littafi guda, bai kai hoton biki ɗaya cin wuri ba. Abin da ke cika na'ura haka, in ba bidiyo ba to murya ce.

Kuma ya taɓa sayo wata 'yar makirfo a hannun masu gwanjo, ya ce zai gwada wani abu. Ranakun da nake zuwa kasuwa shi kaɗai nake bari a ɗakin nan, in dawo in tarar ya juya mini kujera, ya canza mini tsayinta, yana wasan karta da kwamfuta yana yi mata faɗa. Wa ya san me yake yi kafin in shigo?

Ba ni da muryarsa. Wannan ne ban taɓa rubutawa a nan ba. Wayarsa ta ɓace a asibiti cikin hidimar kwanakin ƙarshe, ni kuma ba mai ajiye saƙo ba ce, ina saurara nake gogewa. Hotuna akwai. Amma yadda yake kirana Sakatariya daga tsakar falo, yana jan ƙarshen sunan, wannan ya fara kufce mini. Ina tuna kalmar, sautin ne ba na kamawa.

Na zauna da ranar haihuwar Auta da lambar tsohuwar motarmu a kaina, ina shirin gwada lambar sirri. Ashe ko gurbin da za a rubuta ta babu. Ƙofa ce ba ramin makulli.

Kowane fayil da kwanan watansa a gefe. Sun faro tun shekarun baya. Akwai kuma wasu na bayan rasuwarsa, har da na watan jiya. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba, sai na ɗauke ido.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na dafa shayin mutum biyu ban ankara ba, na shanye duka don kada in zubar.

Talata, 10 ga Yuni

Malamin lissafi ya kawo tambayoyinsa, rubutu kamar tafiyar kaza. Ya zauna a kujerar baƙi ya sha shayi, ya ba ni labarin yadda 'yan aji biyu suka kulle ƙadangare a durowar malamar turanci. Na yi dariya har da riƙe ciki. Bayan ya tafi na lura muryata ta dishe, don rabona da magana mai tsawo tun ranar Alhamis.

A filashi, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, nake adana aikin yanzu, amma na'urar sai ta yi tsaye cak tana nishi, linzamin kwamfutar ya ƙi motsi. Sau da yawa yau na kashe na kunna. Shafukan tarihi da na buga da safe sun tafi, sai na sake.

Da yamma shugabar makaranta ta kira. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi ƙafata, sannan ta ce in aikin ya yi mini yawa kada in takura kaina, shagon nan na bakin mahaɗa sun kawo sababbin injuna, sun ce a yini biyu za su gama. Cikin ladabi ta faɗa. Na ce mata ranar 16 za ta ga takardunta.

In suka koma shagon ba za su dawo ba, na sani. Ba aikin kaɗai nake ji ba. Malaman nan su ne masu hawo matakalar gidan nan.

Laraba, 11 ga Yuni

Na naɗe akwatin kwamfutar a tsohon bargo, na sauko da shi ina hutawa a kowane kwana na matakala. Direban tasi ya ɗauka jinjiri ne.

Shagon mai gyara yana ƙarƙashin matakalar wani bene, wuri ne da in ka miƙe sosai ka bugi kai. Gawarwakin kwamfutoci har rufi, fanka ɗaya tana juyawa ba murfi. Dattijo ne mai furfura a gemu, gilashinsa ɗaure da waya a gefe ɗaya. Ya ba ni kujerarsa shi ya zauna a kan akwati.

Na gaya masa komai, har da makirfo. Ban yi niyya ba, bakina ne ya zuba. Ya saurara bai katse ni ba, ya haɗa wayoyi, ya duba foldar, bai ko daɗe ba.

Ya ce ba mutum ne ya kulle su ba, na'urar ce da kanta. Wai lokaci zuwa lokaci, musamman in za a saka mata sabon abu, takan ɗauki hoton yadda kayan cikinta suke a ranar ta ajiye, don in an yi ɓarna a iya mayar da ita baya. Tana kulle su don kada wani ya lalata. Shi ya sa ta ci gaba da yi har watan jiya, ba ruwanta da wanda ke raye.

Na ce, "Malam, ko shi mai ita ba zai iya buɗewa ba?"

Ya ce, "Ko shi, Hajiya. Kuma babu murya a ciki, babu bidiyo. Kayan aikinta ne kawai."

Na ce to me ya sa suka yi wannan girma, ai ba kwamfutata kaɗai ce a duniya ba. Ya buɗe wani wuri, ya gyara gilashi, ya matso da fuskarsa. Wani ɗan ma'auni ne da ake ja da linzami, daga hagu zuwa dama. Ya ce a nan ake gaya mata iyakar wurin da za ta ci, yawanci ɗan kaɗan ake ba ta, in ya cika ta zubar da tsofaffi ta ajiye sababbi.

"Wannan wani ya ja shi har bango," in ji shi. "Ya ce mata kada ta zubar da komai."

Dariya ta kufce mini. Na yi ta yi har ya tsorata, ya miƙo mini ruwa. Daga nan kuma abin ya juye, na sa gefen mayafi na rufe fuska a shagon mutane, shi kuma ya juya yana ta laluben wani abu a cikin kwali har na gama.

Ya ce yanzu zai share su, ba ya ɗaukar lokaci. Na ce a'a. Ya kalle ni, bai ce don me ba. Ya nuna mini inda ake jan ma'aunin baya, da maɓallin gogewa, da inda ake zaɓar rana in ana son komawa. Ya ce in an goge an goge ke nan, ba mai dawo da su.

Na naɗo kayana na dawo da ita yadda na kai ta.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na buɗe durowarsa ta ƙasan tebur. Matattun batura cike da gwangwani, murafen biro, makullan gidajen da muka bari tun Auta na goye, wayar caji da ba a ƙara yin irin wayarta ba, sukurorin rediyon nan. Shekara da shekaru muna faɗa a kan durowar nan. In na ɗauki tsintsiya sai ya tsaya a gabanta kamar mai gadi.

Ashe har cikin na'ura ya yi mini durowa.

Haushinsa nake ji yau, kuma ban san a wa zan sauke ba. Da ma ɓoye mini wani abu ya yi. Ko da abin da zai ɓata mini rai ne, da na samu sabon abu nasa, in yi fushi da shi sabo. Sai ga shi babu komai, sai halin da na riga na sani.

Ban buga ko shafi ɗaya ba. Saura lissafi da tarihi da rabin turanci.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na yi abin da mai hankali ba zai yi ba ana saura kwana kaɗan.

Bayan azahar na shiga inda ake zaɓar rana. Na gangara har na sami wata rana a makon da ya wuce kafin mu kai shi asibiti, lokacin yana cewa gajiya ce kawai. Na zaɓe ta. Mai gyara ya faɗa mini ƙarara abin da ke ciki da abin da babu, na ji shi da kunnena. Duk da haka na danna.

Kwamfutar ta daɗe tana aiki. Ta mutu ta taso da kanta. Ina zaune na haɗa hannu a cinya kamar mai jiran likita.

Da ta buɗe, ga wasan kartarsa a kusurwar allo, inda yake a da. Auta ce ta cire shi bayan rasuwar, don ta ga ina tsayawa ina kallonsa. Na buɗe. Koren tebur, karta a jere, sabon wasa. Inda ake rubuta waɗanda suka ci babu ko suna ɗaya. Ya sha kirana in zo in ga makinsa, ina cewa ina da aiki.

Na yi wasa ɗaya. Ban iya ba, ta cinye ni.

Shi ke nan abin da ke ranar. Ɗakin yadda yake, labule na motsi, matar bene na sama na jan kujera. Kuma firintar da Auta ta sayo mini bayan rasuwarsa, kwamfutar ta ce ba ta san ta ba, don a ranar da na koma ba a kawo ta ba tukuna. Na danna bugawa, shiru.

Asabar, 14 ga Yuni

Auta ta kira da safe, tana hutu. Na yi niyyar cewa lafiya lau. Sai na gaya mata duka, da mai gyara, da ma'aunin, da abin da na yi jiya. Na jira faɗa.

Ba ta yi faɗan ba. Sai na ji tana jan hanci tana dariya a haɗe, ta ce wallahi Abba ke nan. Sai ta kumbura murya, ta ja numfashi ta hanci yadda yake yi in zai kare durowarsa, ta ce:

"Sakatariyaa, kar ki zubar, zai yi rana."

Na zauna a bakin gado ban san na zauna ba. Shi ne. Har da 'yar karyewar da muryarsa ke yi a tsakiya. Ban taɓa sanin ta iya ba, ta ce tun tana firamare take kwaikwayonsa a bayan idonmu, ƙawayenta har roƙonta suke.

Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ya isa.

Ta ce, "Umma, ki goge su. In kina son jin sa ki kira ni, ko ina bakin aiki zan fita baranda."

Na ce zan duba. Mun yi hira har wayata ta yi zafi, yawanci a kan shirme, takalmin da ta saya ya matse ta, maƙwabcinta mai kiwon tattabaru.

Lahadi, 15 ga Yuni

Da sassafe na dawo da na'urar zuwa yau. Wasan karta ya tafi, firinta ta dawo hayyacinta.

Sannan na shiga wajen ma'aunin. Na ɗora linzami a kansa, can ƙarshen dama inda ya bar shi. Ban san yaushe ya ja shi ba, ƙila ina kasuwa, ƙila ina kicin ina yi masa mita a kan batura. Hannunsa ne na ƙarshe da ya rage a cikin na'urar nan, kuma ni zan janye shi.

Na ja shi baya. Ban kai shi inda mai gyara ya ce ba, na bar mata ɗan ƙari. Na danna gogewa, ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba. Na danna.

Ko ƙara ba ta yi ba. Na koma na duba, layin ya zama shuɗi, ɗan guntu a gefen hagu, sauran duk fili.

Na wanke fuska na zauna aiki. Lissafi, tarihi, turanci. Ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, har haushi ta ba ni yadda take gudu.

Litinin, 16 ga Yuni

Na kai takardun da kaina. Shugaba ta duba shafi-shafi, ta sami kuskure ɗaya a tarihi, na malamin ne ba nawa ba. Ta ce sakamakon jarabawa ma ni za a kawo wa.

Bayana kamar zai tsinke.

Alhamis, 19 ga Yuni

Malamar turanci ta zo da jerin sunayen ajinta, ta ba ni nata ɓangaren labarin ƙadangaren. Ta ce ba ta yi ihu ba. Malamin lissafi ya ce har ofishin shugaba an ji ta.

Sai da rana ta yi tsaka na tuna ban leƙa foldar nan ba yau. Na leƙa. Akwai sabon fayil ɗaya, ƙarami, na jiya Laraba. Na danna don tsokana, ta ce ba ni da izini. Na ce mata ta riƙe abinta.

Ban kira Auta don ta yi mini muryar ba. Na kira ta dai, mun yi maganar takalmi.

Agogon falo ya tsaya da la'asar. Na hau kujera na canza masa batir. Tsohon yana hannuna, na wuce na sa shi a gwangwanin durowa na rufe. Ba wani abu ba ne, kwandon shara ne ya yi mini nisa.